Tambayar da Na Yi wa Surukina a Masar

Tun da muka dawo daga Masar keken ɗinkina bai yi aikin kirki ba. Duk wanda ya shigo rumfata a kasuwar Kiru, kafin ya miƙo yadi sai ya miƙo tambaya. Wannan ya ce yaya ƙasar take, wancan ya ce da gaske ne Larabawa ba su san tuwo ba. Ɗanlami mahauci kuwa kullum tambayarsa ɗaya ce: "Sani Tela, jinya ka je ko kiwo aka kai ka? Wannan tumbin fa?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, mai karatu ya karanta, marar karatu a karanta masa, ni kuma in koma kan ɗinkin mutane kafin salla ta zo su cinye ni ɗanye. Maganar tumbin ma za ku ji ta in mun zo wurinta.

Wanda na raka surukina ne, mahaifin maiɗakina, malamin nan na Burumburum da ke karantar da manya a zaurensa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san dalili. Malam za ku ji ina cewa. Shi da kansa ya yarje mini in faɗi duk abin da ya faru, har da wanda ba a saba faɗa ba.

Ya daɗe yana fama da fitsari. Ya matsa masa kamar me, in ya je kuma sai ɗigo-ɗigo. An sha rubutu, an sha saiwa, daga ƙarshe aka kai shi asibiti a Kano. Likita Bature ya duba ya ce akwai wani ƙululu da kowane namiji ke da shi a ƙarƙashin mafitsara, na Malam ciwon daji ya kama shi, kuma ya wuce aikin wuƙa. In aka bar shi haka, zai toshe hanya ya bi ƙashi. Ya ce akwai injin da ke ƙona irin wannan ciwo da wani haske da ido ba ya gani, amma babu shi a ƙasarmu, sai Ingila ko Masar. Da Malam ya ji an ambaci Masar, ƙasar da rabin littattafansa suka fito, bai bari an ƙarasa ba ya ce can za shi. Fulanin Falgore, waɗanda shi ke raɗa wa 'ya'yansu suna, suka koro shanu suka ce a sayar a kai Modibbo, kamar yadda suke kiransa.

Ni aka zaɓa ɗan rakiya saboda ina yaro iyayena sun tafi da ni hajji a ƙasa, muka yi shekaru a Sudan muna tsinkar auduga, na kwaso Larabcin kasuwa. Malam yana da na littafi, yana karanta shi kamar ruwa, amma in Balarabe ya buɗe baki da sauri sai ya koma kamar ni a gaban Bature. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa an haɗa tafiya tsakanin mutum biyu da ba sa haɗa ido. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In na hango shi a hanya, ko in tuɓe takalmi in durƙusa, ko in ratse ta cikin gonar wani.

Bayan an gama girbi muka hau motar gyaɗa daga Tudun Wada, muka bi ta Bebeji zuwa Kano. A can aka yi mana lamba da allura, aka ɗauki hoton fasfo. Daga Kano sai motar alhazai mai zuwa gabas. Malam a gaba kusa da direba, ni a can ƙololuwar kaya, na ce alhamdu lillahi, surukanta ta samu wurin zama.

Ba mu yi nisa ba matsala ta fito. Malam yana buƙatar sauka a kai a kai, ga shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa direba tsaya ba, ni kuma ba zan iya leƙawa in tambaye shi ba. Allah ya haɗa mu da wata tsohuwa Bakatsiniya mai zuwa Makka, Gwaggo Tabawa, wadda ke zaune daidai bayan kan mota tana hango ƙeyarsa ta ɗan gilashi. Da ta ga rawaninsa ya fara motsi sai ta ɗora duka a jikin mota.

"Direba, tsaya! Tsohuwa za ta zaga!"

"Haba Gwaggo, yanzu fa kika sauka!"

"Cikinka ne ko nawa? Tsaya, ɗan nan, kada in yi maka baki."

Sai ta sauka ta yi nan, Malam ya ɗauki buta ya yi can kamar wanda ya ga dama ce kawai. Har muka wuce Yarwa direban yana ƙunƙuni yana cewa bai taɓa ɗauko tsohuwa mai yoyo irin wannan ba. Da na je na yi mata godiya a ɓoye, ta ce, "Wace godiya? Ni ma na yi suruki."

A bakin iyakar ƙasar da Faransa ke mulka aka sauke mu aka kwance kaya kaf. Wani soja dogo ya ci karo da goran da surukata ta cika wa Malam da yaji. Ya girgiza, ya ga gari baƙi-baƙi ja-ja, ya daka tsawa, abokansa suka taso da bindigogi. Ashe albarushi ya zata. Na yi Hausa, na yi Larabci, na nuna baki da hannu, duk a banza. Sai ya zare toshiyar ya kai hanci ya ja da ƙarfi. Jama'a, na sha ganin atishawa, amma ban taɓa ganin wadda ta cire wa mutum hula ba sai ranar. Abokansa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Aka buga mana hatimi, shi kuwa da idonsa ya washe ya dawo da 'yar takarda ya roƙi a ɗan zuba masa na miya.

Abincin ƙasar Chadi busasshen kifi ne da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, wanda mutum zai iya korar kare da shi. A Abeshe muka kwana a zangon fatake, mota ta lalace muka ƙara kwanaki. Ko'ina muka sauka, in an kawo abinci, nakan ajiye wa Malam nasa in durƙusa in ce, "Ga abinci, Allah ya gafarta Malam," sannan in ɗauki nawa in zaga bayan mota. Mutanen Sudan, da muka shiga ƙasarsu ta Jinaina, wannan abu ya ɗaure musu kai. Su in an kawo tire, uba da ɗa da suruki da baƙon da ke wucewa duk hannu ɗaya ake sawa. Wani mai shayi a Fashir ya tambaye ni ko faɗa muka yi da tsohon. Na ce 'yarsa nake aure. Ya ce to shi ne me? Na sake haɗuwa da kisira, wainarsu ta dawa mai siriri kamar takarda, na ci har na tuna mahaifiyata. Malam ya ɗaga tasa ya hango rana ta cikinta, ya ce wa Gwaggo Tabawa, "Wannan ci ake yi ko rubutu ake yi a kai?"

A Ubayyid muka shiga jirgin ƙasa. A Hartum muka rabu da Gwaggo Tabawa, ita ta yi gabas wajen teku, mu muka yi arewa. Malam ya yi mata addu'a mai tsawo, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Wadi Halfa, sai jirgin ruwa a kan kogin Nilu. A nan Malam ya ji daɗi, don bayi yana cikin jirgin, ba sai an tsayar da kowa ba. Ya zauna a inuwa yana kallon dabino yana ja mini ayoyin Annabi Musa, fuskarsa na duban ruwa, tawa na duban ƙafata.

Alƙahira kuwa, baƙo makaho ne ko da idonsa. Gidaje a kan gidaje, mutane suna kwana a saman kan mutane, ga wani jirgin ƙasa ƙarami yana bin tsakiyar titi yana kaɗa ƙararrawa. Sau biyu yana neman taka ni. Mata suna zuro kwando da igiya daga bene, mai kayan miya ya zuba musu, su ja. Na ce da matan Kiru za su ga wannan, da 'yan talla sun huta. Muka sauka a gidan Alhaji Mamman, wani Bazazzagi da ya tsufa a can ya auri 'yar ƙasar. Gidansa shi ne matattarar duk wani Bahaushe, ɗalibi ko ɗan kasuwa. Ya ba Malam ɗaki, ni na shimfiɗa tabarmata a bakin matakala. Kusa da gidan akwai wani babban masallaci, tsoho, inda malamai ke zama jikin ginshiƙai suna karantarwa. Ranar da Malam ya fara shiga, ya dawo yana murmushi kamar yaron da aka yi wa sabuwar riga. Daga nan ba ya fashin ko salla ɗaya a cikinsa.

Likitan da aka haɗa mu da shi wani gajeren Balarabe ne mai sanƙo, mai son raha. Ya duba Malam, aka zana masa alamomi da tawada a mara da kwankwaso, aka ce kada ya goge su ko wajen wanka. Kullum da hantsi, ban da Juma'a, za a kwantar da shi a wani ɗaki mai kaurin bango, a saito masa kan injin, kowa ya fita, inji ya yi ƙugi na ɗan lokaci, shi ke nan. Likita ya ce makonni za a yi, kuma maganin ba ya aiki sai an kai ƙarshensa. Ranar farko Malam ya fito yana shafa gemu ya ce wa Alhaji Mamman, "Ba zafi, ba hayaƙi. Anya kuwa ba kwana kawai suke sa ni ba?"

Da farko komai lafiya. Har fitsarin ya fara sakuwa, na gane haka don zaryar buta ta ragu. Hausawan birnin kuwa suka ji labarin babban malami ya zo daga gida ba shi da lafiya. Kun san halinmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ya kawo wake da mai yana iyo a kai, wancan ya kawo soyayyen nama da barkono, matar Alhaji ta yi wata miya da take alfahari da ita, muna dubawa sai ga lalo ne, lalon nan da ke fitowa a bayan gidan kowa. Duk a ɗakin Malam ake ajiyewa. Ni in na ga an shiga da akushi sai in haye soro da nawa, don haka ban san me yake ci ba, ban san me yake bari ba.

Kowane mako likita yakan zaunar da mu ya yi tambayoyi, ni ina fassara. Sai ya ce, "Tambaye shi, yaya bayan gidansa? Yana gudawa? Akwai jini?"

Ku da kuke da surukai, ku faɗa mini yadda za ku yi. Sai in sunkuyar da kai in ce, "Allah ya gafarta Malam, likita yana tambayar yaya ƙarfin jiki."

Malam ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ni kuma in juya in ce wa likita ya ce lafiya lau. Likita ya rubuta. Kowa ya tashi da mutuncinsa.

Ana nan sai na ga zaryar buta ta dawo, har ta fi ta da. Malam ya fara ramewa, rawani ya yi wa kansa yawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya daina zuwa masallacin nan da yake so kamar ransa, sai ya yi salla shi kaɗai a ɗaki. Na kuma lura yana wanke wandonsa da kansa ya shanya a ciki, ba ya ba ni. Likita ya ɗora shi a ma'auni ya ɓata fuska. Ya ce mini, "Akwai abin da ba ku gaya mini. In ya ci gaba da zubewa haka, dole in tsayar da injin, kuma in na tsayar a tsakiya, kun sha wahalar hanya a banza."

Washegari bayan sallar asuba Malam ya kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Yana duban bango ya ce, "Sani, ka nemo mana hanyar gida."

"Allah ya gafarta Malam, saura fa rabin magani."

"Na sani. In mutuwa ce, na fi so ta same ni da tsarki a kan buzuna."

Na koma matakala na zauna, zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Ina ganin mutum zai koma gida ya mutu, ga magani a hannu, kuma abin da ya tsaya tsakaninsa da maganin kalma biyu ce da na kasa furtawa. Na tuna maiɗakina da ta ce mini in dawo mata da ubanta a kan ƙafafunsa. Na yi tunanin sa Alhaji Mamman ya tambaye shi, na san kuma Malam zai ce masa da sauƙi, kamar yadda yake ce wa kowa.

Da la'asar ɗalibai suka zo gaishe shi kamar yadda suka saba, ina bakin ƙofa ina ji. Wani ya kawo tambaya a kan abubuwan da ke warware alwala. Sai na ji Malam, wannan da ba ya iya cewa a tsayar da mota, yana ambaton fitsari da tusa da kashi kowane da sunansa, muryarsa ko rawa ba ta yi. Ashe a babin tsarki babu suruki. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Da suka watse na matso, na durƙusa inda ɗalibi ke durƙusawa.

"Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya."

Ya ce, "Bismilla."

"Wani mutum ne, matafiyi, ana yi masa magani a baƙuwar ƙasa. Sai cikinsa ya ɓaci, alwalarsa ba ta tsayawa. Mene ne hukuncin sallarsa?"

Malam ya gyara zama ya ce, "Sallarsa ta yi. Mai lalura ne, Allah bai ɗora masa abin da ba zai iya ba. Mutumin ma ya san haka. Zuciyarsa ce ba ta yarda ya shiga sahun mutane da najasa a tufafi."

"To, Malam, don a gane hukuncin sosai, yaya abin yake zuwa masa?"

"Irin wannan mutum," in ji Malam, yana jan carbi, "gudawa ce ba dare ba rana. Da murɗa, da zafi kamar an zuba garwashi, wani lokaci da majina da ɗan jini. Kuma ba ta sallama kafin ta zo."

"Yana shan wani abu a kai?"

"Yana sha mana. Ciki in ya ɓaci ai datti ne ke neman fita, taimaka masa ake yi. Iyalinsa ta ƙunso masa filasko, yana jiƙawa da tsamiya da 'yar kanwa. Bakinsa kuma ba ɗanɗano, sai ya zuba yaji da yawa abinci ke shiga."

Na ce a raina inna lillahi, filaskon da mai lafiya ma in ya sha sai ya wuni a bayan gari. Na daure na ce, "Tambaya ta ƙarshe, Malam. Wannan mutumin, ya halatta ya ɓoye wa likitan da ke yi masa magani?"

Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce yake dannewa. Ya ce, "Bai halatta ba. Kai, Sani, ashe tela ma yana ɗana tarko. Gobe ka kai maganarsa gaban likita, yadda na faɗa maka, kada ka rage."

Da safe a gaban likita na fara, "Akwai wani mutum da gudawa ta dama." Likita ya ce wane mutum, a kawo shi mana. Na ce ai yana kusa. Ya dube ni, ya dubi Malam da ya ƙura wa silin ido, sai ya gane. Allah ya yi masa albarka, bai yi dariya ba. Ya ce, "To, ka ba ni labarin mutumin." Na kwashe duka na faɗa. Da na fito da ganyen filasko na nuna masa, ya dafe sanƙonsa da hannu biyu, don su ma suna da shi a kasuwarsu, sun san aikinsa.

Ya yi mana bayani, ina juyawa da Hausa. Ya ce ƙululun nan jingine yake da ƙarshen hanji, bango ɗaya ne tsakaninsu. In ana ƙona ciyawa a gona, dole gonar maƙwabci ta ji zafi. Hasken ya sa hanjin ya yi ja ya yi laushi, mutumin kuma yana bi yana zuba masa barkono da maganin zawo. Ya ce da an faɗa masa tun farko da abin bai kai haka ba. Ya ba da hutun 'yan kwanaki, ya ba da wani farin magani mai kauri kamar an dama farar ƙasa. Ya ce a gaya wa mutumin ya bar filasko da tsamiya da kanwa, ya bar yaji, wake, ganye, ɗanyar albasa da duk abin da aka soya. Ya ci farar shinkafa, kindirmo, ayaba, dafaffen dankali da kaza ba mai, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya kuma sha ruwa sosai don mayar da wanda ya zuba. In an koma injin, ya zaga tukuna kafin ya zo, sannan ya sha ruwa ya riƙe fitsarin gwargwadon iko, don mafitsara in ta cika tana ture hanji sama daga hanyar hasken. Kuma duk abin da ya canja, a faɗa ranar, ba sai mako ya zagayo ba.

Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Tambaye shi, mutumin zai iya ɗan taɓa yaji ko da ranar Juma'a?"

Likita ya ce, "Ka gaya wa mutumin, in na ji ƙanshinsa a bakinsa, ni da shi ne."

Sauran aiki ya dawo kaina. Dole in ga abin da ke shiga bakin Malam, ga shi ba a ci a gaban suruki. Alhaji Mamman ya raba gardama: Malam ya fuskanci gabas, ni in zauna bayansa in fuskanci yamma, ni nake zubawa in miƙa ta gefe, in ya gama in karɓi kwano in duba. Haka muka yi ta ci baya da baya. Sai kuma abincin 'yan dubiya, wanda ba a mayarwa, ba a kuma zubarwa, kuma gobe mai shi zai zo ɗaukar kwanonsa ya tambaya ko Malam ya ji daɗinsa. Wa zai ci? Ɗanlami, ga amsar tambayarka. Wake da mai, soyayyen nama, lalon matar Alhaji, har da goran yajin surukata, duk ni na yi jihadinsu a soro. Malam yakan ce wa masu kawowa, "An ci, an gode, bai yi saura ba," kuma bai yi ƙarya ba.

Kowace safiya nakan durƙusa in ce, "Malam, yaya mutumin nan ya kwana?" Shi kuma ya ba ni labarinsa tiryan-tiryan, in kai wa likita. Sannu a hankali murɗar ta lafa, jinin ya ɗauke, zaryar ta ragu. Aka koma injin. Wahalar da ta rage ita ce ta riƙe fitsari a kan benci kafin a kira shi. Yakan zauna ya haɗe gwiwoyi yana jan carbi da sauri, ni kuma in je in tsaya wa mai kiran suna a ka har sai ya gaji da ni ya shigar da mu. Ranar da Malam ya ɗauki sandarsa ya nufi babban masallacin nan da azahar, na bi shi daga nesa ina share hawaye da hannun riga, ban damu da masu kallo ba.

Aka kai ƙarshen magani. Likita bai yi mana alkawarin abin da ba nasa ba. Ya ce ciwon ya kwanta, hanya ta buɗe, sauran na Allah ne, a ci gaba da lallaɓa cikin na wasu watanni. Da za mu rabu ya riƙe hannun Malam ya ce a gaishe masa da mutumin. Malam ya ba shi amsa da Larabcin littafi, mai nahawu da komai, har ma'aikatan suka taru suna saurare.

Komowa ba ta da labari mai yawa, sai dai sauri muka yi ta yi don kada damina ta rufe hanyar Chadi, kuma ba a tsayar da mota don kowa ba. Mun iso Burumburum ana sharar gona. Gari ya fito, mata na guɗa, Fulanin Falgore suka zo da ƙoren kindirmo kamar sun san abin da likita ya ce. Muna shiga gari na tuɓe takalmina na koma matsayina. Ya shiga zaure ya hau buzunsa, ni na durƙusa a waje bakin ƙofa tare da yara.

Ya ja la'asar, ya zauna karɓar gaisuwa, ya ja magariba bai tashi ba, ya ja lisha. Zaure cike da dattawa, sa'o'insa da ɗalibansa. Bayan an shafa sai ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

Ya ce, "Jama'a, zan ba ku labarin wani mutum da kunya ta kusa kashewa a Masar." Ya faɗi ciwon da sunansa, ya faɗi gudawar, ya faɗi filaskon, bai rage komai ba. Ya ce duk wanda fitsari ya fara yi wa gardama a cikinsu ya je asibiti tun da wuri, in kuma likita ya tambaya a faɗa masa gaskiya. Tsofaffi suna ta sunkuyar da kai, wasu na satar kallon juna.

Wani ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutumin ya rayu kuwa?"

"Ya rayu. Da alwalar la'asar ya ja ku lisha yanzu." Ya bari salati ya lafa, sannan ya ce, "Wanda ya tsamo shi kuwa ga shi can a waje ya rakuɓe cikin yara. Sani, taso."

Na ce, "Nan ma ya isa, Allah ya gafarta Malam."

"Na aurar maka da 'ya, ban san na samu ɗa ba. Taso, na ce."

Aka buɗa mini hanya. Na shiga ina tuntuɓe da ƙafafun dattawa, ya matsa gefe, ya buga buzun da tafin hannunsa, ya dube ni ido cikin ido. Na zauna.